Wankan Baba Ta Bayan Taga

Ni ba mutumin karatu ba ne, wannan kowa a unguwarmu ta Rumde Ajiya ya sani. Na ɗan taɓa lise, wato sakandare, akwai ajin da na maimaita har malamai suka fara gaishe ni kamar abokin aiki. Da na ga abin ba mai ƙarewa ba ne sai na ajiye jaka na hau moto, wato babur, ina kwasar fasinja daga kasuwa zuwa bakin gada. Karatun gidanmu kaf Hamma ne ya kwashe, bai rage mini ko na lasa ba. Hamma babban wana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Mu Hausawan Garwa haka muke kiran yaya, a bakin Fulani muka tsinta, kamar yadda muke ce wa ƙanin uba Bappa.

Babanmu yana da ɗan tebur na huluna da carbi da turare a bakin kasuwa, amma ba da wannan aka san shi ba. Shi ne mai wankan gawa na unguwa. In namiji ya rasu, kafin ma a buga wa dangin Marwa waya an aiko yaro gidanmu. Baba zai miƙe ya ɗauki ɗan kwandonsa, akwai garin magarya a ciki da kafur da ƙyallaye da almakashi, ya fita ko da loma ce a hannunsa. Gado ne, wurin mahaifinsa ya koya. Kuma a gidanmu wanda aka koya wa shi yake wanke wanda ya koya masa. Baba ne ya wanke kakanmu, don haka tun muna yara kowa ya san Hamma ne zai wanke Baba.

Tun gemu bai fito wa Hamma ba yake riƙe wannan kwandon. Ni kuwa ko sau ɗaya Baba bai taɓa cewa in biyo shi ba. Cewa yake mai wanka ba ya faɗin abin da ya gani, ni kuma bakina ba shi da ƙyaure, in na shiga ɗakin mamaci da safe kafin azahar masu shayi sun san yawan tabon da ke bayansa. Ban taɓa musa masa ba. Wani lokaci in Inna ta zuba wa Hamma nama ya fi nawa na yi ƙorafi, sai Baba ya ce in bar shi ya ci, wannan ai lallaɓa shi ake yi, shi zai juya shi Baban ranar da ba zai iya juya kansa ba. Inna ta ce ya daina irin wannan zance a kan abinci, mu kuma mu yi dariya.

Hamma ya ci bak, jarrabawar ƙarshen lise, ya tafi Ngawundere ya yi karatu mai zurfi, ya dawo malamin kimiyyar halittu. Garin Poli aka fara tura shi, daga baya aka dawo da shi Garwa, wata lise a can ƙetaren gari. Yana koyarwa, yana salla a sahun gaba, in an yi rasuwa kuma ya cire taye ya naɗe hannun riga ya bi Baba.

To a ajin ƙarshe na lise akwai wani darasi da suke kira ebolisiyon da Faransanci. Wai halittu ba haka suke tun farko ba, suna sauyawa ne a hankali, wannan ya fito daga wancan, har da mu mutane a cikin lissafin. Gwamnati ta sa shi a tsarin karatu, yana fitowa a bak, ba yadda malami zai tsallake shi yara su je su faɗi. Sai malamanmu suka samo dabara tun da daɗewa. Kafin malami ya ɗauki alli zai tsaya ya ce, "Wannan na takarda ne. Ku rubuta ku ci jarrabawa, kada ku sa shi a zuciya, ƙaryar Nasara ce." Yara su ce to Mesiye, wasu su ɗan tofa ta hagu, shi ke nan an wanke ajin. Har malaman da suka zo daga kudu masu zuwa coci suna faɗinta, don su ma littafinsu da yumɓu ya fara. Ni da ban kai ajin ba na haddace kalmar, don ba ɗan lise a Garwa da bai san ta ba.

Hamma bai faɗe ta ba. A Poli ban san yadda aka ƙare ba, ƙila ba wanda ya kula. A Garwa kuwa ya shiga aji ya fara zane a allo, yara suka riƙe biro suna jira. Can wata yarinya a benci na gaba ta ɗaga hannu ta tuna masa, kamar yadda ake ɗora wa liman aya in ya manta. Sai ya ce mata ba mantawa ya yi ba. Ya ce shi ba zai tsaya gabansu yana koya musu abu ba alhali ya riga ya ce musu ƙarya ne. In ƙarya ce bai kamata ya koyar ba, in kuma yana ganin hujjarta bai kamata ya kira ta ƙarya ba. Ya ce shi Musulmi ne, kuma bai ga inda darasin ya fitar da Allah daga cikin aikinsa ba.

Ni nake ɗaukar yaran lise in an tashi, don haka kafin magariba na ji labarin kala-kala a bayana. Wani ya ce malamin ya ce biri ne ya haifi mutum. Wata ta ce ya ce babu Aljanna. Wani ƙaramin mara kunya ya ce ai malamin da kansa ya nuna musu inda wutsiyarsa take. Ba su san ƙaninsa ne ke tuƙa su ba. Wannan na ƙarshen na sauke shi tun bai kai gida ba, na ce ya ƙarasa da ƙafa huɗu.

Da farko ni ma wasa na ɗauki abin. Na je na sami Hamma yana gyaran takardun yara, na ce ranar Juma'a zan kai shi gidan zu ziyarar dangi, kyauta, ya sayi ayaba kawai. Ya yi dariya har ya ajiye biro. Ya ce ai ba wanda ya ce biri ne ya haife mu, tushe ne ɗaya can da nisa, kamar ni da ɗan Bappa, ba shi ya haife ni ba amma kakanmu ɗaya. Na ce in dai ɗan Bappa ne misalin to na yarda da darasin tun yanzu, don duk wanda ya ga yadda yake cin mangwaro ba sai an kawo masa wata hujja ba. Ya ɗauko wani dutse da ya tsinto a daji, da hoton kifi kwance a jikinsa har ƙayoyin ana gani, ya yi ta yi mini bayanin ƙasusuwa da zamunna masu tsawon da kai ba ya ɗauka. Ya ce Wanda yake gina jariri daga ɗigon ruwa a hankali cikin ciki, mataki bayan mataki, ba mai gaggawa ba ne. Rabi ban gane ba. Abin da na gane shi ne ba da wasa yake ba, kuma fuskarsa irin wadda yake yi ce in zai shiga ɗakin mamaci.

Unguwa ba ta yi dariya ba. Ba wanda ya zage shi a fuska, mu ba haka muke yi ba. Sai dai in ya yi sallama a majalisa amsar ta zo a taƙaice. A masallaci in ya tsaya a sahun gaba sai ka ga na kusa da shi ya ɗan janye ƙafa. Yara ƙanana suna sosa haƙarƙari kamar birai in ya wuce.

Wata rana bayan la'asar ina zaure ina ɗaure sarƙar moto, Baba ya kira Hamma. Bai ce in fita ba, ƙila ya ɗauke ni cikin kayan moto. Ya tambaye shi ko yana salla don Allah ne ko don idon mutane, Hamma ya ce don Allah. Ya tambaye shi ko ya yarda za a tashe mu bayan mutuwa, ya ce ya yarda. Sai Baba ya ce, "To ka faɗi kalmar nan mana. Kowa yana faɗa. Me za ta rage maka?"

Hamma ya ce, "Baba, in na faɗa na yi ƙarya. Kai ka ce mana mai riƙe amanar matattu ba ya ƙarya ko ta wasa."

Baba ya ci gaba da jan carbi. Can ya ce shi bai san waɗannan ƙasusuwan na cikin dutse ba, ƙashin da ya sani a cikin fata yake zuwa masa. Ya ce abin bai kwanta masa ba, ba kuma zai kwanta ba, abin da malamansa suka karantar da shi daban ne. Ya tashi ya shige. An ɗauki kwanaki ba ya sa hannu a kwano ɗaya da Hamma. Daga baya ya dawo da kansa, wata rana kawai ya tura masa kwanon, ba a sake tayar da zancen ba. Bai taɓa cewa ya yarda da shi ba, bai kuma taɓa cewa ya fita daga addini ba. Haka ya bar abin.

Sai aka yi rasuwa a layin bayanmu, wani tsoho mai sayar da gishiri. Baba ya tafi kamar kullum, Hamma na biye da kwando. A ƙofar gidan babban ɗan mamacin ya ja Baba gefe ya yi masa raɗa, kansa a ƙasa, don shi ma kunya yake ji. Baba ya juyo ya miƙa hannu, Hamma ya ba shi kwandon. Hamma ya dawo gida da hannun rigarsa a naɗe, ya zauna a tsakar gida, bai warware ba har aka kira salla.

Daga ranar ni nake kai Baba a moto. Ina tsayawa a waje cikin masu zaman makoki, in riƙe bakina iya ƙoƙarina. Dangin mamaci su suke taya shi juyawa, kuma ba su iya ba, wani ya ja da ƙarfi, wani ya saki saboda tsoro. Baba yakan fito rigarsa jiƙe har ƙugu. Tsufa ya fara cin sa a fili.

Wata rana muna dawowa daga wani wanka a can hayin Binuwai, muna kan gada iska na kaɗa mu, ya matso da bakinsa kusa da kunnena ya ce, "Hammanka ne zai wanke ni. Ka ji?"

Na ce haba Baba, kai da za ka wanke mu duka ka dawo ka sha shayi. Ya ƙwanƙwashe ni a ƙeya, ya ce na ji ko ban ji ba. Na ce na ji. Na ce amma ya faɗa wa Bappa, don ni ba a sayen ko goro da maganata. Ya ce zai faɗa masa in ya ga ya huce. Baba mutum ne mai gudun hayaniya, kuma yana ganin akwai sauran lokaci.

Bappa shi ne ƙanin Baba, ɗan kasuwa ne mai kai atamfa Kuseri. Yana da zafi amma ba mugu ba ne. Duk duniya ba wanda yake so kamar Baba, in yana gari ba ya karyawa sai ya zo ya gaishe shi. Shi ne ma ya matsa aka sa Hamma a makarantar boko lokacin da Baba yake ɗari-ɗari, shi ya riƙe hannunsa ya kai shi. Shi ya sa abin ya fi cin sa, yana cewa da hannunsa ya kai yaron inda aka ɓata shi. Kuma ya je ya tambayi wani malami, aka ce masa dole mai wankan gawa ya zama Musulmi, in ba haka ba wankan bai yi ba, kamar an binne mutum ba a wanke shi ba ne. Wannan maganar ce ta zauna masa a rai.

Baba ya rasu a tsakiyar bazara, lokacin da Garwa take zama kamar tanda. Ya dawo daga asuba, ya sha kunu, ya ce zai ɗan kishingiɗa. Da hantsi Inna ta shiga kiran sa ta tarar ya tafi. Ina bakin kasuwa aka bugo mini. Hamma yana aji, wayarsa a kashe, sai na tafi lise da kaina. Da ya hango ni a ƙofar ajin bai tambaye ni komai ba, ya ajiye alli ya fito. A kan moto na ji yana warware taye.

Kafin mu iso gida ya cika. An ɗebo ruwa a bokitai, an kai ɗakin Baba, an aika a yanko likkafani, matasa sun tafi haƙa. Da irin wannan zafin ba a jira, so ake a yi salla da azahar a kai shi. Hamma ya gaida mutane a tsaye, ya wuce inda kwandon yake rataye ya sauke shi. Da ya nufi ɗakin sai ya tarar da Bappa tsaye a bakin ƙofa, idanunsa jawur.

Bappa bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Ɗana, kalma ɗaya nake roƙon ka. Ka ce abin nan da kake koyarwa ƙarya ne, ka shiga ka wanke ubanka."

Hamma ya yi kalmar shahada a fili, kowa ya ji. Bappa ya ce ya ji, Allah ya sa mu cika da ita, amma ba ita ya tambaya ba. Ya ce wannan yayansa ne, ba zai iya kwana da tunanin an sa shi a rami da wanka mai shakka ba. Yana faɗa hawaye na bin gemunsa. Aka juya ga limamin unguwa, wani dattijo mai sanyin hali. Ya ce shi dai wanda ya yi shahada bai isa ya kore shi daga Musulunci ba, amma Bappa ne babba a gidan yanzu, kuma bai kamata a yi jayayya gawa na kwance ba. Wato ya ba kowa gaskiya, ya bar ƙofar yadda ya same ta.

Sai na tsoma baki. Na ce Baba ya bar wasiyya, ya faɗa mini a kan gada da bakinsa, Hamma ne zai wanke shi. Na faɗa da ƙarfi, na maimaita. Bappa ya dube ni da tausayi, abin da ya fi zagi ciwo. Ya ce, "Kai kuma, ɗan nan? Yaushe aka fara gane wasanka da gaskiyarka?" Na rantse. Amma rantsuwar ɗan moto, wanda yake rantsewa tun safe cewa yanzun nan zai dawo, ba ta da nauyi a tsakar gida irin wannan. Wani daga baya ya ce ai ɗan'uwansa yake karewa. Aka tambaya ko akwai wanda ya ji bayan ni. Babu.

Na ja Hamma gefe kusa da randa. Na ce masa ya faɗa kawai, don Allah. Na ce ni kafin in karya kumallo na yi ƙaryar da ta fi wannan girma, kuma ga ni ƙasa ba ta haɗiye ni ba. Ya faɗa ya shiga, in an dawo daga maƙabarta ya yi istigfari, zan taya shi. Na ga ya buɗe baki, na ɗauka ya yarda. Sai ya ce, "Ba zan shiga wurinsa da ƙarya a bakina ba. Ya tambaye ni wannan kalmar yana da rai ban ba shi ba. In ba shi yanzu da ba zai iya duba idona ba?"

Har yau ban san ko daidai ya yi ba. Akwai ranar da nake jin haushinsa, in ce taurin kai ne irin na masu karatu, kalma ɗaya ce fa. Akwai ranar da nake jin kunyarsa. Yanzu yana Poli, shi ya nemi a mayar da shi, kuma in mun yi waya ba ma taɓa wannan wurin.

Rana tana hawa. Aka fara cewa a kira ladan ko wani daga wata unguwa. Sai muryar Inna ta fito daga bayan labule inda mata suke. Inna ba ta magana cikin maza, shi ya sa kowa ya saurara. Ta ce mutumin da ya wanke iyayen unguwar nan duka ba za a ɗauko masa bare ba. Ta ce ɗan gidan nan ne zai wanke shi, in an hana babban to ga ƙaramin.

Na waiga ina neman ƙaramin. Da wata rana ce da an yi dariya. Na ce Inna ni ko riƙe buta ban taɓa yi a wurin ba. Bappa ya ce to, shi zai zuba ruwa. Shi ma bai iya ba, duk shekarun nan ya bar wa yayansa. Hamma ya zo ya sa mini kwandon a hannu, ya juya ya fita ta zaure. Na ɗauka tafiya ya yi.

Muka shiga ni da Bappa aka rufe ƙofa. Baba yana kwance an lulluɓe shi da zane, ya ƙanƙance kamar ba shi ba. Na tsaya da kwando ban san ta inda ake farawa ba. Ɗakin yana da 'yar taga ta katako da ke kallon lungun baya, inda muke ɗaure awaki, ba inuwa ko ta tsinke. Sai na ji an ɗan ƙwanƙwasa katakon. Bappa ya dubi tagar, ya dube ni. Ya je da kansa ya zare sakata ya ɗan tura murfin, amma ya bar labulen a sake. Ya dawo ya ɗauki buta.

Muryar Hamma ta shigo ƙasa-ƙasa. Ya ce in yi niyya, in yi bisimilla. Ya ce in rufe masa daga cibiya zuwa gwiwa, kada zanen ya motsa har a gama. Ya ce in ɗan ɗaga kafaɗunsa in shafa cikinsa a hankali, kada in danna. In naɗe ƙyalle a hannun hagu in yi masa tsarki ta ƙarƙashin zane, idona a sama. In yi masa alwala irin ta salla, amma kada in zuba ruwa a bakinsa ko hancinsa, jiƙaƙƙen ƙyalle zan sa in goge. Ba ya ganin komai, ta ƙarar ruwa yake gane inda muka kai. In Bappa ya zuba da yawa sai ya ce a rage, Baba ba ya son a kwarara ruwa kamar ana wankin mota.

Da aka zo juyawa na kasa. Hannuna ya ƙi. Na ce Hamma ba zan iya ba, wallahi zan yar da shi. Ya ce zan iya. Ya ce in sa hannu ɗaya a ƙarƙashin kafaɗa ɗaya a ƙugu, in jawo shi jikina kamar zan rungume shi, in bar nauyinsa ya kwanta a ƙirjina. Ya ce in yi masa magana in na ga dama, shi yakan yi, yakan ce sannu Malam za mu juya. Na ce sannu Baba, za mu juya. Ya zo jikina ba nauyi, kansa ya faɗo a kafaɗata, ƙanshin turaren teburinsa bai bar gemunsa ba. Bappa yana zuba ruwa yana sheshsheka, rabin ruwan a ƙafata yake sauka.

Muka yi dama muka yi hagu da ruwan magarya, na ƙarshe da kafur. A nan muryar Hamma ta fara sarƙewa, yana faɗin kalma ya tsaya, akuya tana kuka a gefensa. Ya koya mini yadda ake shimfiɗa likkafani da yadda ake naɗewa, da inda ake ɗaurewa. Da na zo rufe fuskar na dakata, na dubi Bappa, na nuna masa taga da ido, ko za a bar Hamma ya ga fuskar ubansa. Ya sunkuyar da kai. Kafin ya ce wani abu aka buga ƙofa aka ce an kira salla, makara tana waje. Na rufe.

An yi wa Baba salla a ƙofar gida, jama'a har kan titi. Hamma yana sahun ƙarshe, bayan rigarsa ya jiƙe, ga ƙasar lungu a gwiwoyin wandonsa. Ba wanda ya hana shi sa kafaɗa a makara, ya ɗauka har maƙabarta bai yarda an karɓe shi ba. Ni da Bappa muka sauka ramin. Hamma ya tsaya a sama yana miƙo itace.

Da aka watse na ɗauko shi a moto. Mun yi nisa ba wanda ya yi magana, ni da ba na iya kai fasinja ko'ina ban ba shi labari ba. Sai da muka kusa shiga unguwa ya taɓa kafaɗata ya ce in tsaya. Na tsaya a gindin wata bishiya, ban kashe inji ba. Ya ce akwai abin da ya manta bai faɗa mini ba ta taga. Ƙafar Baba ta hagu ba ta miƙewa sosai tun wata faɗuwa da ya yi yana saurayi, ba ya son a sani, shi ya sa kullum yake zama a kan dama.

Ya ce, "Ka tilasta ta?"

Na ce a'a. Na ce na ja ta a hankali na ji ta ƙi, Bappa ya ce a danna, na ce a bar ta. A ɗan lanƙwashe muka naɗe ta.

Ya gyaɗa kai ya ce haka ake yi. Ya sauka daga moton ya tsuguna a bakin hanya, ya rufe fuskarsa da hannu biyu. Na kashe inji na jira shi.